Nazarin Lamari: Ramin da ke Ƙarƙashin Gada da Ruwan da ke Haƙa Shi

Asalin lamarin

Gadar da ake magana a kanta ba mai ƙetare kogi ba ce. Irin wadda ke tashi daga bakin gaɓa ce ta miƙe cikin teku ta tsaya, mutane na tafiya a kanta, ƙananan jiragen ruwa kuma na raɓewa a can ƙarshenta. Tsawonta wajen mita 400. Tana tsaye bisa ginshiƙan ƙarfe masu kama da manyan bututai, kaurin kowanne kimanin mita ɗaya, an kafa su bibbiyu cikin yashi. A tsakiyar gadar zurfin ruwa wajen mita 4 ne, a ƙarshenta kuma wajen mita 7. Gaɓar ta miƙe daga arewa zuwa kudu, yashi ne zalla, babu tsibiri ko katangar da ke tare mata raƙuman ruwa.

Duk shekara masu nutso kan sauka su duba ginshiƙan. Shekara uku a jere suna kawo rahoto iri ɗaya, kowanne ya fi na baya nauyi: yashi yana zarewa daga gindin ginshiƙai. Kowa ya ɗauka a ƙarshen gada za a ga haka, inda ruwa ya fi zurfi, amma ramin a tsakiya yake. Ginshiƙi irin wannan yashin da ya kewaye shi ne ke riƙe da shi. Duk abin da ya zare daga yashin, riƙon ya ragu, ɓangaren da ke tsaye ba majingina kuma ya ƙara tsawo, sai ya fara layi idan raƙumi ya doke shi.

Masu kula da gadar sun so a zuba duwatsu a huta. Injiniyar da suka ɗauko ta ce girman dutsen da faɗin wurin da za a rufe duk sun dogara da saurin ruwan da zai bi ta kansa, kuma babu wanda ya taɓa auna wannan saurin. Abu uku ta nemi a auna. Na farko gudun ruwa, wato kwararar da ke tafiya gefe guda na tsawon sa'o'i. Na biyu raƙuman ruwa, tsayinsu, tazarar lokaci tsakaninsu da inda suke fitowa. Na uku hargitsin ruwa, ƙananan juye-juyen nan marasa tsari da ke ɗaga ƙwayar yashi daga ƙasa su miƙa ta ga gudun ruwa ya tafi da ita. A lokacin kusan kowa ya tafi a kan cewa cikowa da janyewar teku ce ke yin ɓarnar, don ita ake gani kullum.

Makonni biyu na farko: robobi da agogo

An fara da abin da ke hannu. Aka cika robobi da ruwa kusan baki, aka sa ƙaramar na'urar GPS a cikin wasu, aka riƙa sakin su daga kan gada ana bin su da kwalekwale. Saurin da aka samu kaɗan ne, kuma alƙiblar robobin ta fi bin iska fiye da bin teku, domin ɗan abin da ya leƙo saman ruwa ya ishi iska turawa. Ga shi saman ruwa kawai suke nunawa, alhali ramin yana ƙasa. Kuma sai ranar da teku ya lafa ake iya fita da kwalekwale.

Abu ɗaya ya faru da aka rubuta a littafin aiki aka wuce: sau biyu robar da aka saki dab da tsakiyar gada ta ƙi bin gaɓa, ta bi jikin gadar ta nufi cikin teku.

Wata na biyu zuwa na uku: na'urori a jikin ginshiƙi

Daga nan aka kawo na'urar auna gudun ruwa da sauti, wadda masu sana'ar ke kira ADCP. Aikinta ya ginu ne kan abin da Christian Doppler, ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana a 1842: ƙarar abin da ke tunkaro ka tana ƙara tsini, ta wanda ke nisa da kai kuma tana yin kauri, kamar yadda ake ji daga ƙahon motar da ta zo ta wuce. Na'urar tana harba sauti cikin ruwa ta baki huɗu, kowanne ya karkata digiri 20 daga miƙe. Sautin yana tafiya da saurin kusan mita 1,500 a sakan, ya bugi ƙura da ƙananan halittun da ruwa ke ɗauke da su ya dawo. Daga sauyin da aka samu a amon da ya dawo ake sanin saurin ruwan, daga lokacin da ya ɗauka kuma ake sanin nisan wurin. Ta haka na'ura guda ke ba da saurin ruwa hawa-hawa daga ƙasa zuwa sama. Kamfas da ke cikinta ne ke faɗin ina ne arewa.

An ɗaure ta a wani hannu na ƙarfe a gefen kudu na wani ginshiƙi da ke tsakiyar gada, kusa da ƙasa, tana kallon sama. Dalilin zaɓen wurin a fili yake. Ga wutar lantarki daga kan gada, ga waya mai kawo bayanai kai tsaye zuwa kwamfuta, babu tsoron anga ko ragar masunta ta ja ta. A ƙarshen gada kuma, a zurfin mita 7, aka ɗaure na'urar auna nauyin ruwa. Idan ƙololuwar raƙumi ta wuce ta kanta nauyi ya ƙaru, idan kwarinsa ya wuce nauyi ya ragu, kowace mita ɗaya ta ruwa tana daidai da kusan desiba ɗaya, wato ma'aunin da ake auna wannan nauyi da shi.

An bar su kwana 45. Ba a iya gajarta wannan sosai, saboda teku yana cikowa kusan kowace sa'a 12 da minti 25, ƙarfin cikowar kuma yana hawa yana sauka cikin kusan kwana 15 bisa tsayuwar wata da rana. Mai son raba waɗannan sassa da kyau yana buƙatar aƙalla kwana 29 a jere.

Alƙaluman da suka fito sun zo da abubuwa huɗu masu ɗaure kai. Idan ruwa ya nufi arewa ana ganin saurinsa sarai, idan ya juyo kudu sai ya zama rarrauna, yana tsalle-tsalle, wani lokaci ma ya nuna baya. Alƙiblar gudun ta karkata zuwa gaɓa, kamar ruwan yana shiga cikin tudu yini da kwana. Akwai wata kaɗawa mai maimaituwa duk bayan sakan 10 zuwa 25 ko a ranar da teku ke kwance. Sannan a ranakun da mai gadin gada ya rubuta cewa gajerun raƙuma na ta dukan ginshiƙai, na'urar nauyi ta ce kusan babu komai.

Daftarin rahoton farko ya kusa cewa akwai gudu mai rinjaye zuwa arewa, shi ke kwashe yashi. Injiniyar ta ƙi sa hannu. Hujjarta ita ce ruwa ba zai yi ta kwarara cikin gaɓa kwana 45 ba tare da ya taru a wani wuri ba, kuma ruwa ba ya tsami banza: idan alƙibla ta karkace, sauran ma abin tuhuma ne.

Wata na huɗu: binciken na'urorin kansu

An ciro na'urar aka hau da ita kan gada. Da aka ajiye ta kusa da kan ginshiƙi sannan aka ɗauke ta aka kai bakin gaɓa ba tare da an juya ta ba, arewarta ta sauya da digiri masu yawa. Kamfas maganaɗisun duniya yake bi, ginshiƙi kuwa tan-tan ne na ƙarfe. Wannan ya warware zancen ruwa mai shiga tudu.

Matsala ta biyu tana cikin yadda na'urar ke lissafi. Bakunanta huɗu suna buɗewa kamar yatsun hannu, ita kuma tana haɗa abin da suka ji bisa zaton ruwan da ke tsakaninsu iri ɗaya ne. A tsayin mita 3 daga na'urar, tazarar da ke tsakanin baki biyu masu kallon juna ta wuce mita 2. Kusa da ginshiƙi mai kaurin mita ɗaya, wannan zaton ba ya tsayawa: baki ɗaya yana cikin ruwan da ginshiƙi ya tare, ɗaya yana cikin wanda ya matse ya ƙara gudu, wani kuma amon ƙarfen yake ji. Lissafin masana ya nuna ruwan da ke goga gefen ginshiƙi mai zagaye yana iya kaiwa ninki biyu na saurinsa na asali. A bayan ginshiƙin kuwa sai ya mutu, ya riƙa juyawa. Da yake na'urar tana gefen kudu, duk ruwan da ya fito daga arewa sai ya ratsa ta jikin ginshiƙai kafin ya iso ta. Rinjayen gudu zuwa arewa da aka gani, ginshiƙi ne ya ƙirƙire shi.

Kaɗawar nan ta sakan 10 zuwa 25 ita ta fi jan hankali. Idan ruwa ko iska ya wuce abu mai zagaye, yana sakin juyi a bayansa, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, bi da bi. Wannan ne ke sa waya kuka cikin iska, abin da Vincenc Strouhal ya yi nazari a kansa a 1878. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ninka saurin ruwa da 0.2, a raba da kaurin ginshiƙi, a samu yawan zagaye a sakan. Ginshiƙi mai mita ɗaya cikin ruwa mai gudun rabin mita a sakan yana kammala zagaye guda duk sakan 10. Idan gudun ya sauko zuwa mita 0.2, sai ya koma duk sakan 25. Sakan 10 kuwa shi ne irin tazarar manyan raƙuman da ke tasowa daga nesa. Wato juyin da gadar ke haifarwa da kanta ya shiga alƙaluma da kamannin raƙumi.

Na'urar nauyi ba ta lalace ba, zurfi ne ya yi mata yawa. Motsin raƙumi yana dusashewa idan ana sauka ƙasa, kuma gajeren raƙumi ya fi saurin dusashewa. A zurfin mita 7, raƙumi mai tazarar sakan 10 yana isar da kusan kashi 85 cikin 100 na nauyinsa ƙasa. Mai tazarar sakan 3, wanda tsawonsa bai wuce mita 14 ba, bai kai kashi 10 ba. Ana iya maido da wani ɓangare ta lissafi, amma ninka ƙaramin abu sau goma yana ninka kuskuren na'ura sau goma tare da shi. Mai gadi ne ke da gaskiya.

Ban da waɗannan, cikin makonni shida gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo sun riga sun fara rufe fuskar na'urorin.

Wata na biyar da na shida: ƙoƙarin kama hargitsin ruwa

Kafin a yanke shawarar inda za a koma, an gwada auna hargitsi da wata na'ura dabam, ADV, wadda ita ma da sauti take auna saurin ruwa. Ita ɗigo guda take aunawa, ruwan da bai fi kan yatsa ba, ɗan nesa da bakinta don kada jikinta ya dame shi, kuma tana yin awon sau 16 a sakan. An sa ta rabin mita sama da yashi, a kan dogon hannu da ya fito mita biyu daga ginshiƙi.

Wahalar auna hargitsi a ruwa marar zurfi ita ce raƙumi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk raƙumin da ya wuce yana tura ruwan ƙasa gaba ya dawo da shi baya. Wannan kai-da-komo ba hargitsi ba ne, yana da tsari, amma saurinsa kan ninka na hargitsin sau da yawa. Abin da ake nema shi ne yadda ƙananan juye-juye ke musayar ruwan sama mai sauri da ruwan ƙasa mai nauyin tafiya, don daga nan ake sanin ƙarfin da ruwa ke jan yashi da shi. Idan na'ura ta karkace ko da digiri ɗaya ko biyu, wani ɓangare na kai-da-komon raƙumi zai bayyana kamar motsi sama da ƙasa, ya binne abin da ake nema. Mai nutso kuwa, cikin ruwa mai duhu da ke kai shi yana komo da shi, ba zai daidaita na'ura zuwa ƙasa da digiri ɗaya ba.

Akwai alamar da ake gane sahihin awo da ita. A 1941 Andrey Kolmogorov, masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, ya nuna cewa manyan juye-juye suna farfashewa zuwa ƙanana, ƙanana zuwa mafi ƙanƙanta, har su kai girman milimita inda suke narkewa su zama ɗan zafi. A tsakanin manya da ƙananan, ƙarfin yana raguwa da tsari sananne, wanda a zanen masana ke fitowa a matsayin miƙaƙƙen layi mai gangaren biyar bisa uku. In layin ya fito, daga tsayinsa ake lissafa yawan ƙarfin da hargitsi ke cinyewa. A alƙaluman wannan gada layin ya fito rabi, sai ga wani tsini ya tsaya a tsakiyarsa. Dogon hannun ne ke rawa. An nisanta na'urar daga ginshiƙi, amma tsawon hannun ya mai da shi kamar tsarkiyar baka. Duk lokacin da mota ta hau gada ma ana ganin alamarta. Kumfa kuma, idan raƙumi ya fashe kusa, tana watsa sautin ta cika awo da tsalle-tsallen ƙarya.

Daga wata biyu na wannan aiki, abin da aka iya amfani da shi 'yan sa'o'i ne na ranakun da teku ya fi kwanciya.

Wata na bakwai zuwa na goma: an bar gadar

A nan aka sauya tsari gaba ɗaya. An ƙera mazaunai uku masu ƙafa uku-uku da alminiyam, wanda ba ya jan kamfas, aka yi musu nauyi da dalma. Ɗaya aka ajiye mita 150 arewa da gada, ɗaya mita 150 kudu da ita, duka a zurfin mita 4, daidai da inda ramin yake. Ta haka ko ta ina ruwa ya fito, akwai na'urar da zai iska kafin ya taɓa ginshiƙi. Na uku aka kai shi can gaba da ƙarshen gada don ya auna raƙuma tun ba su fashe ba, da na'urar da ke bin fuskar ruwa da sauti kai tsaye, ba ta nauyi kaɗai ba.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A garin Duck da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai gadar bincike mai tsawon mita 560 da sashen injiniyoyin sojan ƙasar ya gina a 1977. Awon shekara da shekaru ya nuna kwari ya haƙu a ƙarƙashinta, kuma masu bincike a can kan kafa na'urorinsu da yawa nesa da ita.

A kan kowane mazauni na zurfin mita 4 an sa ADV biyu, ɗaya sama da ɗaya. Dabarar ta John Trowbridge ce, na cibiyar binciken teku ta Woods Hole, wanda ya wallafa ta a 1998. Raƙumi dogo ne, mita gommai, don haka na'urori biyu da ke kusa da juna kusan abu ɗaya suke ji daga gare shi a lokaci ɗaya. Juyin hargitsi kuwa ƙarami ne, abin da ɗaya ta ji ɗayar ba ta ji shi ba. Idan aka ɗebe awon ɗaya daga na ɗaya, yawancin raƙumin ya fita, hargitsi ya rage. A ganina wannan na cikin dabaru mafi kyau a fannin, don ba ta buƙatar a daidaita na'ura fiye da yadda hannun mutum zai iya.

Da yake yanzu batir ake amfani da shi, na'urorin suna farkawa minti 20 a kowace sa'a. Minti 20 ya ishi raƙuma sama da ɗari su wuce, wanda ake buƙata don lissafa tsayin da ake dogaro da shi, wato matsakaicin tsayin kashi ɗaya bisa uku mafi girma na raƙuman. Harald Sverdrup da Walter Munk ne suka kafa wannan ma'auni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna hasashen raƙuma don saukar sojoji a gaɓa. An daidaita agogon dukkan na'urorin da na GPS kafin a saka su, aka kuma sake dubawa bayan cirowa. An liƙa jan ƙarfe a jikinsu don rage halittu masu mannewa, masu nutso kuma na gogewa duk mako biyu in teku ya yarda.

Abu guda kawai aka bari a jikin ginshiƙi: ƙaramar na'urar sauti mai kallon ƙasa, tana auna nisan yashi duk minti goma. A wannan aikin kusanci da ginshiƙi shi ake so.

Makonni biyar na farko teku na kwance. Gudun cikowa da janyewa ya fito tsaf, yana juyawa arewa da kudu kusan daidai wa daida, kuma rarrauna ne. Ramin bai ƙaru ba. A hankali ma yake cikewa.

A mako na shida guguwa ta taso daga arewa maso gabas ta yi kwana uku. Raƙuma sun kai mita 3. Raƙumi yana fashewa ne idan tsayinsa ya kai kusan kashi huɗu bisa biyar na zurfin ruwa. Mai mita ɗaya sai ya zo ruwa mai zurfin mita ɗaya da ɗan ɗori, can kusa da gaɓa. Mai mita 3 kuwa a wajen zurfin mita 4 yake fashewa, wato daidai tsakiyar gada. Raƙumin da ya zo a karkace ya fashe yana tura ruwa ya bi gaɓa, kamar yadda Michael Longuet-Higgins ya lissafa a 1970. Mazaunin arewa ya auna wannan gudu yana kusantar mita ɗaya a sakan, ninki da yawa na duk abin da cikowar teku ta taɓa nunawa. Hargitsin kusa da ƙasa ya tashi tare da shi, ko da yake a ƙololuwar guguwar kumfa ta ɓata sa'o'i da dama na awo.

Na'urar jikin ginshiƙi ta nuna yashi yana sauka cikin sa'o'i, ba cikin watanni ba. Yadda hakan ke faruwa sananne ne. Ruwan da ya bugi gaban ginshiƙi yana gangarowa ƙasa, ya naɗe ya zama juyi mai siffar kofaton doki da ke rungume gindin, ya riƙa haƙa. Gwaje-gwajen Mutlu Sumer da Jørgen Fredsøe a Denmak sun nuna cewa raƙumi ba ya fara haƙa sai saurin kai-da-komonsa a ƙasa, an ninka da tazarar lokacinsa, an raba da kaurin ginshiƙi, ya wuce 6. A ranar da teku ke kwance, da raƙumi mai rabin mita, wannan lissafi a tsakiyar gada wajen 3 yake bayarwa. A guguwar ya haura 10. Idan gudu mai ɗorewa ya haɗu da shi, ramin na iya kaiwa kusan ninki 1.3 na kaurin ginshiƙi.

Da guguwar ta wuce, cikin mako biyu yashi mai laushi ya dawo ya cike wani ɓangare mai yawa na ramin. Masu nutso kuwa sai teku ya kwanta suke sauka. Duk rahotannin shekara ukun nan ramin da ya riga ya fara cikewa suka auna, ba zurfinsa na gaske ba.

Guguwa ta biyu ta zo daga kudu maso gabas a wata na tara, aka ga abu iri ɗaya a juye, mazaunin kudu ne ya fara jin gudun. Shi kansa mazaunin yashi ya zare daga ƙarƙashin ƙafarsa ɗaya ya karkace, aka yi asarar kwana goma na awonsa. A wannan karon ne aka tuna da robobin nan biyu. Ramukan ginshiƙai sun haɗe sun zama kwari mai bin tsawon gada, ruwan da raƙuma suka tara a gaɓa yana samun hanyar komawa teku ta cikinsa, yana ƙara yashe shi. An tabbatar da haka da sakin robobi daga kan gada a ƙarshen guguwar, dukansu suka nufi teku.

Wata na goma sha ɗaya zuwa shekara ta biyu: gyara da abin da ya biyo baya

An zuba duwatsu, amma ba a ko'ina ba. An rufe ɓangaren tsakiya ne, daga inda matsakaitan raƙuma ke fashewa zuwa ɗan gaba da inda mafi girma ke fashewa. An shimfiɗa ƙyalle mai tace yashi da tsakuwa a ƙasa tukuna, domin dutsen da aka zuba kai tsaye kan yashi nutsewa yake yi, ruwa na zuƙe yashin ta tsakanin duwatsun. Girman dutsen an ɗauke shi daga saurin guguwa tare da ƙarin da ginshiƙi ke yi wa ruwa a gefensa. An kafa alamar gargaɗi ga masu iyo a kusa da gadar. Lokacin duba ginshiƙai ma an sauya shi, ya koma kwanakin farko bayan kowace babbar guguwa.

A lokacin guguwa na shekarar da ta biyo, na'urar jikin ginshiƙi ba ta nuna sauka ba. Sai dai a bakin shimfiɗar, ta arewa da ta kudu, yashi ya ɗan zare, wasu duwatsun gefe suka gangara cikin wurin suka rufe shi. An yi tanadin haka tun a zane, aka ƙara dutse sau ɗaya.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Kuskuren watanni shidan farko ba na na'urori ba ne. Kowace ta faɗi gaskiyar abin da ke gabanta, amma abin da ke gabanta gada ce. An haɗa tambaya biyu wuri guda: me teku ke kawowa, da kuma me ginshiƙi ke yi da abin da aka kawo. Ta farko sai nesa da gada ake amsa ta, ta biyu sai a jikin ginshiƙi. Da aka raba su, mazaunai uku suka ɗauki ta farko, ƙaramar na'ura guda ta ɗauki ta biyu, agogo ɗaya ya haɗa su, sai aka iya cewa a sa'a kaza gudu ya kai kaza kuma yashi ya sauka da kaza.

Kuskure na biyu na lokaci ne. Kwana 45 sun isa a san cikowa da janyewar teku, amma an zaɓe su ne bisa zaton ita ce mai laifi, kuma sun faɗo cikin lokacin kwanciyar teku. Ramin da aka shekara uku ana mamakinsa aikin 'yan kwanaki ne a kowace shekara, kwanakin da babu mai nutso ko kwalekwale da zai iya shiga ruwa. Ina ganin da an tsaya tun farko an tambayi me ya sa ramin yake a zurfin mita 4 ba a 7 ba, lissafin fashewar raƙumi kaɗai ya isa ya nuna hanya kafin a sayi ko da na'ura ɗaya.

Awon hargitsi shi ya fi cin wahala, kuma shi ne mafi ƙarancin tasiri a kan girman dutsen da aka zaɓa, don saurin gudu da tsayin raƙumi sun kusa isa. Amfaninsa ya fito ta wani wuri: shi ya nuna cewa jan da ruwa ke yi wa yashi a ranakun kwanciya bai kai ya haƙa rami ba, wanda ya wanke cikowar teku da hujja. Ƙin sa hannun injiniyar a daftarin farko ya jawo ƙarin wata bakwai na aiki. Da ta sa, da an zaɓi dutse bisa gudun da bai kai rabin na guguwa ba, an kuma jibge shi a gefen kudu kaɗai.

Mazaunan uku an ciro su. Na'urar jikin ginshiƙi tana nan tana auna nisan yashi duk minti goma, an kuma ƙara biyu irinta a bakin shimfiɗar duwatsun, ɗaya ta arewa, ɗaya ta kudu.